Wa Ya Auna Ƙofar Sito?

Kowace shekara in kaka ta yi, aka girbe gero, aka karya masara, dawa ta shigo hannu, sai manyan motoci su ɗauki hanyar nan da ta fito daga Kabuga ta bi ta Rimin Gado ta nufi Gwarzo, har ta zarce Dayi cikin Jihar Katsina. Waɗansu su tsaya nan bakin kwalta, waɗansu kuwa su ratse su kutsa cikin garuruwa, irin su Durun da Gude da Godiya a ƙasar Kabo, ko Getso da Kutama da Lakwaya a ƙasar Gwarzo, suna neman hatsin da za su kai kasuwar Dawanau ko su gangara da shi Kudu. In bazara ta kama kuma su ne dai ke komowa da taki da siminti da kwanon rufi. Ba mai ƙin zuwansu, don manomin da mota ba ta isa garinsu ya san irin kuɗin da ɗan baranda ke yi wa buhunsa. Amma akwai wani abu game da zuwan nan nasu wanda kowa ke gani, kowa ke tsaki, ba wanda ya ɗauke shi aikinsa. Shi muke so mu tattauna yau, musamman da ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman makaranta, don kuwa maganin yawancinsa a hannunsu ya ke.

Direban da ya taso daga Ikko ya yi tafiyar da ta haura mil 600 kafin ya iso ƙasar Kano, in ka tambaye shi inda ya fi jin jiki, da wuya ya ambaci wata gada ko wani hawa. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne taku hamsin ɗin nan na ƙarshe, daga bakin titi zuwa ƙofar sito. A nan ne za ka ga mota mai tsawon gida ta gicciye hanya, ta yi gaba ta yi baya har sau goma, hayaƙi ya turnuƙe, mutum ashirin na ihu, wannan na cewa a karya dama, wancan na cewa a karya hagu, mai sito na ɗaga hannu, mai ƙosai na jan kaskonta, yara kuwa suna can ƙarƙashin bodi suna tsintar ƙwayar da ta zube. In abin ya zo da sauƙi, a tashi da katanga ta tsage, ko rumfa ta rushe, ko wayar lantarki ta tsinke. In kuwa kwana ya ƙare, sai a ɗauki mutum. Sa'an nan jama'a su juya kan direba, a ce ganganci ne, a ce ya sha wani abu, wani lokaci ma ya arce da ƙafa don tsoron duka tun 'yan sanda ba su iso ba.

Ba mu ce direbobi waliyyai ne ba, za mu zo kansu. Amma adalci shi ne a fara tambayar wanda ya tsara wurin da aka ce motar ta shiga.

Kasuwanninmu da lungunanmu jaki da takarkari da raƙumi aka yi wa su. Sa'ad da hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, cinikin gyaɗa ya tashi, a bayan dabbobin nan aka riƙa ɗauko ta daga ƙauyuka. Daga baya motoci suka karɓa, irin su Bedford da Austin masu bodin katako, waɗanda kayansu ba ya wuce tan 5 ko kusa da haka. Irin wannan mota tana iya juyawa a dandalin ƙofar fada ko a gindin rimin kasuwa, ba a ji kanta ba. Sitocin da aka gina a zamanin dalar gyaɗa, da filayen awo na zamanin En'e, duk da girman wannan mota aka yi su, kuma sun isa a lokacinsu. To, daga nan abubuwa suka sauya. Jirgin ƙasa ya yi rauni, kaya suka komo kan titi. A 1986 Gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciniki ya watsu hannun ɗaiɗaikun 'yan kasuwa, kowa ya gina sitonsa a inda ya sami fuloti, ko cikin lungu ne. Motar kuwa ta yi ta girma. Tirelar da ke kawo taki ko siminti yanzu buhu 600 ta ke ɗauka, kowanne kilo 50, watau tan 30, ninki shida na kayan Bedford, ban da nauyin ita kanta motar wanda in an haɗa sai lissafi ya haura tan 40. Ga kuma kwantena, wadda aka fara yawo da ita a teku a Amurka a 1956, mai tsawon ƙafa 20 ko 40, ga ta yau tana neman hanyar shiga Kantin Kwari da kasuwar Singa. Har tashar kwantena aka buɗe a Zawaciki cikin Janairun 2023. Mota ta ninka, ƙofa kuwa tana nan yadda kakanni suka bar ta. Kai, ta ma ragu, don an kafa mata rumfuna da teburan 'yan tireda hagu da dama, kuma kowane tebur akwai mai karɓar kuɗin shiga a kansa.

Ya kamata akawun da ke sa hannu a takardar fili ya san waɗansu alƙaluma. Da yawan tirelolin da ke kan hanyoyinmu tsofaffin motocin Turai ne, a can kuwa doka ta yanke tsawon kai da bodi gaba ɗaya mita 16.5, watau wajen ƙafa 54, faɗi kuma ya ɗan haura ƙafa 8. Dokar ta kuma ce dole motar ta iya kewayawa cikin da'irar da ba ta wuce mita 12.5 daga tsakiya zuwa baki ba, watau fili mai faɗin mita 25, kimanin ƙafa 82. To, a dubi fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 sau 100. Tirela ba ta iya ko tsayawa a gicciye cikinsa, balle ta juya. In an gina sito a kan rabinsa, ina za ta sa kanta? Wanda ya ba da iznin gina siton buhu dubu a irin wannan wuri, a kan lungu mai faɗin ƙafa 20, ya riga ya rubuta wa maƙwabta takardar rushewar katangarsu, sai dai bai sa kwanan wata ba.

Akwai kuma yadda motar ta ke tafiya, wanda masu ihun nan ba su sani ba. In tirela ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sai su yanko ta ciki. Sabo da haka direba ke buɗawa waje kafin ya karya, mai babur kuwa ya ga kamar an bar masa hanya, ya cusa kai, bodi ya rufe shi. Wutsiyar motar kuma tana shara ta ɗaya gefen, ta kwashe wanda ya raɓe da bango yana zaton ya kauce. In aka zo ribas abin ya fi haka wuya, don kai da bodi a haɗe su ke da ƙusa guda, in direba na son bodi ya yi hagu sai ya fara murza sitiyari dama, in ya zarce kima kuma kai da bodi su naɗe kamar gwiwar hannu, sai ya sake yin gaba ya miƙe ya faro daga fari. Gaba da bayan nan da a ke yi masa dariya a kai, a ce bai iya ba, shi ne iyawar. Birkinsa kuma na iska ne, yawan takawa a wuri ɗaya na rage iskar, dole ya dakata tanki ya cika, jama'a kuwa na ta danna masa oda.

Abu mafi muhimmanci shi ne gani. Tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, direba ya koma zama a hagu. In yana ribas yana lanƙwasa wajen hagu, ya kan leƙa ta taga ya ga tayar baya da idonsa. In kuwa wajen dama ya ke lanƙwasawa, da zarar kai ya karkata sai madubin dama ya daina nuna masa kome sai jikin bodi, ya zama makaho a wannan gefe. Bayan motar kuwa, daidai inda yara ke tsayawa, babu madubin da ke nuna shi ko kaɗan. Don haka a ƙasashen da a ke tuƙi irin namu, masu tsara filin lodi su kan shirya shi yadda mota za ta zagaya tana bin hagu, direba ya shiga da baya ta gefen da ya ke zaune. Wannan ba ya cin ko kwabo, sanin inda za a sa ƙofa ne kurum. A Ingila hukumar da ke lura da lafiyar ma'aikata ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen da mota ke kashewa a wuraren aiki, wajen ribas ne abin ke faruwa, kuma shawararta ta fari ita ce a tsara wuri yadda ba sai an yi ribas ba, mota ta shiga ta nan ta fita ta can. In haka abin ya ke a ƙasar da filin lodi ke da shinge da fenti da fitila, to, yaya ke nan a kasuwar ƙauye bayan magariba?

Yanzu mu zo kan direbobi da masu motoci. Sana'ar tuƙi a ƙasar nan daga karen mota a ke faro ta, kuma ba abin rainawa ba ce, don yaron da ya shekara biyar yana sa weji yana kwana ƙarƙashin mota ya fi mai takarda sanin halinta. Amma akwai direban da in ya gaji sai ya miƙa wa yaronsa makulli ya ce ya gyara tsayuwa, shi ya tafi wurin mai shayi. Watau aikin da ya fi kowanne wuya shi aka bar wa wanda ya fi kowa ƙarancin sani. Dokar lasin ta ware wa mota mai kai da bodi ajinta dabam, ajin G, sabo da an san tuƙinta dabam ne, hukumar kiyaye haɗurra kuwa da aka kafa a 1988 a kan titi ta ke tsayawa, ba ta ganin abin da a ke yi a bayan sito. Akwai kuma motocin da madubinsu guda ya fashe tun bara, fitilar ribas ta mutu, birkin hannu sai sunansa. Mai motar yana birni yana jiran kuɗin lodi, in an ce ya saki kuɗin madubi sai ya ce a lallaba. Irin wannan lallabawa ita ke ƙarewa a asibitin Gwarzo ko na Murtala. Ƙungiyar direbobi ta ƙasa da aka kafa a 1978 tana da reshe a kusan kowace tasha, 'yan kamasho ba sa kuskuren karɓar kuɗinsu ko na mota guda. Ƙungiyar da ke iya wannan tana iya hana motar da ba ta da madubi yin lodi.

Sa'an nan a bar direba da murya guda. In za a yi ribas, mutum ɗaya ne zai tsaya a inda direba ke ganinsa a madubin hagu, da alamun hannu da suka shirya tun da fari, da sharaɗin cewa in direba ya daina ganinsa ya taka birki nan take. Sauran masu taimako su yi shiru su kori yara, shi ne taimakonsu. Mun san halin mutanenmu, kowa na son a ce da shi aka yi, amma jirgin da matuƙa suka yi wa yawa ba ya kai gaci. Direba kuma kada ya ji kunyar sauka ya zagaya motarsa da ƙafa kafin ya sa giyar baya, ya dubi sama don waya, ya dubi ƙasa don murfin kwata ko kwalbatin da ba zai ɗauki tan 40 ba, ko ƙasar da ruwa ya jiƙa wadda in taya ɗaya ta nutse mota za ta kwanta da kayanta.

Amma babban nauyi yana kan hukuma, kuma ba sai an je Kano ko Abuja ba. Tun gyaran 1976 ƙananan hukumomi suka gaji ayyukan En'e. Tsarin mulkin 1999 ya faɗi a fili cewa kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su aikin ƙaramar hukuma ne, dokar filaye ta 1978 kuma ta ba ta ikon ba da takardar fili a karkara. A ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ba a jira wannan ba, kuɗin da a ke karɓa a kan kowane buhu da kowace mota ranar kasuwa ya isa a zuba tsakuwa a filin lodi. Cikin birni akwai KAROTA da hukumar tsara birane, duk da haka kowa ya ga yadda tireloli ke toshe hanyoyin Singa, kuma lungun da tirela ba ta iya juyawa motar kashe gobara ma ba ta iya shiga, gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 kuwa ba ta yi nisan da za a manta ba. Birni ya riga ya cushe, gyaransa sai da rusau da kuka. Garuruwan Kabo da Gwarzo kuwa har yanzu suna da fili a bakin gari. Abin da zai ci miliyoyi nan da shekara ashirin, yau turaku huɗu ne da yardar dagaci da hakimi, da diyya ta gaskiya ga mai gona.

Abin da mu ke kira a yi ba mai yawa ba ne. Kowane gari mai kasuwar hatsi a ware masa filin lodi a waje da tsakiyar kasuwa, kusa da babbar hanya, mai ƙofa biyu, a hana kafa rumfa cikinsa ko ta wane ne. Ƙananan motoci da kura da amalanken shanu su riƙa kawo kaya can, babbar mota ta tsaya nan. Wani zai ce an ƙara wa buhu kuɗin dako, kuma gaskiya ne, an ƙara. Amma a lissafa da sa'o'in da a ke ɓatawa mota na kokawa da lungu, da buhunan da ke fashewa, da katangar da za a biya, sa'an nan a ga wanda ya fi tsada. In hali ya yi a gina dakali mai tsayin da ya yi daidai da bodin mota, wajen ƙafa 4, don 'yan dako su daina hawa siririn katako da buhu mai kilo 100 a wuya. A nan ma akwai abin dubawa, don tun 1967 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ba da shawarar kada ƙaton namiji ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, mu kuwa kusan ninki biyu mu ke ɗora wa mutum mu ce ya hau tudu da shi. Kuma duk mai neman iznin gina babban sito a tambaye shi ya nuna a takarda inda mota za ta shiga da inda za ta fita. In ba shi da amsa, a riƙe takardar, ko ɗan wa ye shi. Mun sani wannan shi ne wurin da ƙaramin ma'aikaci ke jin tsoro, don masu sito ba ƙananan mutane ba ne. Sabo da haka ya kamata majalisar ƙaramar hukuma ta mai da abin doka a rubuce, akawu ya sami abin da zai nuna in an matsa masa.

Malaman makaranta kuwa nasu aikin ba ya jiran majalisa. Yaran da ke shiga ƙarƙashin mota tsintar hatsi, da masu liƙewa a bayanta in ta tashi, da 'yan mata masu talla da ke bin inuwar bodi da rana tsaka, waɗansunsu 'yan firamare ne, waɗansu almajiran tsangaya. Yaro yana zaton tun da shi yana ganin mota, direba ma na ganinsa. Faɗa da baki ba ya cire wannan zato. A roƙi wani direba ranar da ba shi da lodi ya kawo motarsa filin makaranta, a hau da yara ɗaya bayan ɗaya su zauna a kujerarsa, sauran 'yan aji su jeru a bayan mota da gefen dama, a tambayi na sama mutum nawa ya ke gani. Yaron da ya duba madubi ya ga ajinsu duka ya ɓace ba zai sake tsayawa a wurin ba. A darasin lissafi kuma a ba su igiya mai tsawon ƙafa 41, a kafa turke, su zana da'ira a ƙasa, su ga da idonsu filin da tirela ke bukata kafin ta juya. A gayyaci alarammomi su kawo nasu yaran, don su ne suka fi kwana a tasha.

Igiyar nan, in malamai sun gama da ita, a ara wa jami'in ayyuka na Kabo da na Gwarzo. Kafin sabon hatsi ya shigo su bi kasuwannin ƙasarsu ɗaya bayan ɗaya, tun daga Durun har Getso, tare da sarkin kasuwa da shugaban tasha da direba guda wanda ya san aikinsa, su auna faɗin kowace ƙofa da tsayin kowace waya, su rubuta wuraren da tirela ke iya shiga da waɗanda ba ta iyawa, a kafa allo a bakin hanya yadda baƙon direba zai gani tun bai karya kan motarsa ba.